Mota a ajiye, taya na tsufa: yadda dokar shekara 10 ta sami masu tsofaffin manyan motoci a Birtaniya

A gefen tayar mota akwai wasu lambobi huɗu da ake bugawa a jikin robar, galibi cikin ɗan zagaye mai siffar ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2309, to an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2009. Tayoyin da aka yi kafin shekarar 2000 lamba uku kawai gare su, don haka duk wanda ya durƙusa ya ƙirga ya ga uku, ya san abin da ke gabansa ya haura shekara ashirin. An daɗe ba mai kula da waɗannan lambobi a Birtaniya. Jami'in gwajin mota zurfin zanen taya yake aunawa, ya duba yanka da kumburi, ya wuce. Daga ranar 1 ga Fabrairu 2021 abin ya sauya, doka ta hana sa tayar da ta wuce shekara 10 a ƙafar gaba ta manyan motoci: lambobin nan huɗu sun isa su kayar da babbar mota a gwajin shekara, su kuma ja wa mai ita tara.

Kamfanonin sufuri ba su ji zafin dokar sosai ba, domin motar da ke aiki kullum tana cinye tayarta tun kafin ta yi rabin waɗannan shekaru. Waɗanda abin ya taɓa su ne wasu mutane da ba safai ake tunawa da su ba in ana maganar manyan motoci, wato masu ajiye gingimari don sha'awa kawai.

Su wane ne masu wannan sha'awa

A Ingila akwai mutumin da zai yi ritaya daga tuƙin babbar mota, ya ɗebi kuɗin sallamarsa ya sayi irin motar da ya fara tuƙi yana saurayi, ya shafe shekaru yana kwance ta yana ɗaurawa a rumfar wani manomi. Akwai ɗan da ya gaji motar kamfanin ubansa bayan kamfanin ya rufe, ya mai da mata fentinta na asali har da sunan gidan a ƙofa. Akwai masu tsofaffin motocin soja, da masu motocin kwana-kwana, musamman koren Bedford ɗin nan da ake kira Green Goddess, waɗanda aka ƙera a shekarun 1950 gwamnati ta ajiye su don ko-ta-kwana, sannan ta yi gwanjonsu wajen 2005. Sunayen da ke yawo a bakinsu su ne Bedford, Leyland, AEC, Scammell, da Foden da ERF waɗanda dukansu biyu a garin Sandbach aka haife su. Duk wanda ya tashi a Arewa a zamanin manyan motoci masu bodin katako ya san Bedford, ba sai an gabatar masa da ita ba. Bambancin kawai, tamu ta yi ta dakon gyaɗa da shanu har ta mutu a bakin aiki, tasu kuwa wanke ta ake a goge a kai ta wurin nuni.

Suna da ƙungiyoyi. Mafi shahara ita ce Historic Commercial Vehicle Society, wadda aka kafa a 1958, kuma ita ke shirya jerin gwanon tsofaffin motocin aiki daga Landan zuwa Brighton a watan Mayu. Motar irin wannan mutum takan fita ne da rani, tsakanin bazara da farkon sanyi, ta je taro biyar ko goma, ba kaya a bayanta. Sauran watannin tana rufe.

Dokar ƙasar ta daɗe tana sassauta musu. Wanda ba ya ɗaukar kaya don kasuwanci ba ya buƙatar lasin kamfanin sufuri. Wanda ya ci gwajin tuƙin ƙaramar mota kafin 1 ga Janairu 1997 yana iya tuƙa mota mai nauyin da bai wuce tan 7.5 ba. Babbar motar da aka ƙera kafin 1960, in dai babu kaya a cikinta, ana iya tuƙa ta da lasin ƙaramar mota, kuma in ba a yi mata wani babban sauyi ba an ɗauke mata gwajin shekara. Motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya muddin ba haya take yi ba. A riƙe wannan jerin sassauci a rai, domin a kansa ne na taya ya zo ya hau.

Daren 10 ga Satumba 2012

Wata motar safa ta ɗauko matasa daga bikin kaɗe-kaɗe na Bestival a tsibirin Wight, za ta mai da su gida yankin Liverpool. Dab da tsakar dare, a kan hanyar A3 kusa da Hindhead a gundumar Surrey, tayar gaba ta fashe. Motar ta ƙwace, ta bar kwalta, ta daki bishiya. Mutum uku suka rasu: direban mai shekara 63, wata budurwa mai shekara 23, da wani saurayi mai shekara 18, Michael Molloy. Wasu da dama suka ji munanan raunuka.

A zaman binciken musabbabin mutuwa da aka yi a 2013 ne aka ji abin da ya girgiza mutane. Tayar da ta fashe shekararta 19 da rabi. Ta girmi motar da ke ɗauke da ita. Zanenta bai suɗe ba, yana nan da sauransa fiye da abin da doka ta nema, don haka ta fuskar shekaru ba wata doka da aka karya, domin babu dokar. Daga ciki ta lalace, inda ido ba ya kaiwa. Alƙalin binciken, Richard Travers, ya rubuta wa gwamnati yana neman a duba batun. Abin da ma'aikatar sufuri ta yi a ƙarshen wannan shekarar shi ne fitar da shawara ga masu motocin safa cewa kada su sa tayar da ta wuce shekara 10 a ƙafar gaba. Shawara ce, ba doka ba.

Mahaifiyar Michael, Frances Molloy, ba ta yarda a tsaya nan ba. Ta kafa gangami mai suna Tyred, sunan da in an faɗe shi da Turanci yake fita daidai da kalmar gajiya. 'Yar majalisa Maria Eagle ta gabatar da ƙudiri a 2017, aka yi ta tare shi a zauren majalisa, yau a ɗage gobe a ɗage, gwamnati na cewa tana jiran hujjar masana.

Ana cikin haka, ranar 16 ga Satumba 2017, wata babbar mota a kan babbar hanyar M5 a yankin Gloucestershire ta yi fashewar tayar gaba, ta keta shingen tsakiya ta afka wa motocin da ke tahowa daga ɗaya hannun. Mutum biyar suka mutu sanadiyyar wannan hatsari. Tayar shekararta 18. Daga nan maganar ta tashi daga kan motocin safa kaɗai ta haɗa da motocin kaya. A 2019 aka fitar da sakamakon binciken da gwamnati ta sa cibiyar binciken sufuri ta TRL ta yi, aka buɗe jin ra'ayin jama'a, a Yulin 2020 aka sanar da hukunci. Tsakanin daren Hindhead da ranar da dokar ta fara aiki, shekara takwas da 'yan watanni.

Me ke kashe tayar da ba ta aiki

Nan ne ya kamata a ɗan zauna, domin nan ne hankalin yawancin mutane ke kuskure. Mun saba auna taya da ido: zane ya suɗe, waya ta fito, sai a ce ta mutu. In zane na nan raɗau, sai a ce sabuwa ce. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Taya ba dunƙulen roba ba ce. Hawa-hawa ce: roba, zare, da shimfiɗun wayar ƙarfe da aka manne da juna da wata robar ta musamman. Ƙarfinta duka yana wurin wannan manni. Iskar da aka hura mata kuwa ba zama take kawai ba, a hankali tana ratsa bangon ciki, kuma iskar oksijin da ke cikinta tana cin robar, tana busar da ita har ta yi tauri. Robar da ta yi tauri ba ta lanƙwasa, tsagewa take. In an sami ɗan yanka a zanen, ko da na tsinin dutse ne, danshi ya shiga ya sami waya, tsatsa ta kama. Waya mai tsatsa ba ta riƙe roba. Wannan tsatsar ce binciken TRL ya nuna an fi samu a tsofaffin tayoyi. Ranar da aka hau babbar hanya, aka yi awa guda ana gudu, taya ta ɗauki zafi, sai shimfiɗun su saki juna, zanen ya ɓare kamar ɓawon rake.

Akwai kuma wani abin da masu ƙera taya suka sani: suna cakuɗa wani irin kakin kariya a cikin robar, wanda ke tasowa saman fata ya kare ta daga rana da iska. Motsi ne ke fito da shi. Tayar da ke birgima tana matsuwa tana sakewa, kakin na sabunta kansa. Tayar da ke tsaye wata bakwai a wuri ɗaya, nauyin injin na danne gefe guda, iska na raguwa ba wanda ya duba, ba ta samun wannan gata. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma ga taya maganar ba karin magana ba ce.

Me ya sa aka ware ƙafar gaba? A baya tayoyin babbar mota tagwaye ne, in ɗaya ta tafi 'yar'uwarta na iya riƙe motar har a tsaya. A gaba guda ɗaya ce kowane gefe, kuma ita ce sitiyari. In ta fashe ana gudu, motar na fizgewa wajen da tayar ta mutu da ƙarfin da hannun mutum bai cika iya mayarwa ba. A tsohuwar motar da sitiyarinta ba mai taimakon injin ba ne, ƙarfin damtsen direba ne kawai, abin ya fi muni.

Abin da dokar ta ce, da wanda ta bari

Gyara ne aka yi wa dokokin ƙira da amfani da motoci na 1986, kuma yana aiki a Ingila da Sikotilan da Wales. Ya haramta tayar da ta wuce shekara 10 a ƙafar gaba ta motar kaya mai nauyin da ya haura tan 3.5, da bas da motar safa, sannan a kowace ƙafa ta ƙaramar bas inda tayar ba tagwaye ba ce. Tayar da aka sake wa zane a masana'anta, daga ranar sake zanen ake ƙirga mata. Dole kuma lambobin su karantu. Wanda ya goge su ko ya bari suka shafe a ƙafar gaba, ya faɗi. Hukumar DVSA, mai kula da gwajin motoci da direbobi, ita ce ke dubawa, a gwajin shekara da kuma a bakin hanya. Abin da gwamnati ta fara kawowa ya fi wannan faɗi, don ya haɗa da sauran ƙafafu, amma bayan jin ra'ayi aka taƙaita.

Sai togaciya. Motar da ta kai shekara 40, wadda an daina ƙera irinta, ba a yi wa manyan sassanta babban sauyi ba, kuma ba kasuwanci ake da ita ba, dokar shekarun taya ba ta hau kanta.

Masu tsofaffin motoci, ta bakin ƙungiyoyinsu, sun kawo hujjoji, kuma ba za a ce duka na banza ba ne. Motocin ba sa gudu, ba sa ɗaukar kaya, ba sa nisa. Masu su sun san kowane ƙusa a jikinsu. Hujja mafi ƙarfi ita ce ta samuwa. Tsofaffin awo irin 8.25-20 da 9.00-20, masu tif a ciki da ake ɗaurawa a kan rim mai zobe, ba kowane shago ke da su ba, wasu awon ma sai an jira masana'anta ta yi su jefi-jefi. Kana iya sayen taya sabuwa fil, ba ta taɓa taka ƙasa ba, ka duba lamba ka ga ta yi shekara uku a sito. Ka biya kuɗin shekara goma ka sami bakwai.

Amma togaciyar ta raba masu sha'awar gida biyu. A watan Fabrairun 2021, motar da aka yi kafin 1981 ta tsira. Mai Leyland Roadtrain ta tsakiyar shekarun 1980, ko mai Scania 143, ko ERF ta shekarun 1990, da duk mai motar ɗaukar dawaki ko tsohuwar motar kayan da ya ajiye don amfanin kansa, dokar ta kama shi kamar yadda ta kama kamfani mai mota ɗari. Motoci biyu na iya tsayawa gefe da gefe a fili ɗaya, tafiyarsu ɗaya a shekara, rumfarsu ɗaya, ɗaya an tilasta mata sabuwar taya, ɗaya kuwa tana kan tayar da ta girmi 'ya'yan mai ita. Robar ba ta san ranar rajistar mota ba.

Inshora: arahar da ke da dalili

A Birtaniya tun 1930 inshorar ɓarnar da ka yi wa wani ta zama dole, yanzu kuma dokar hanya ta 1988 ce ke riƙe da batun. Tun 2011 ma ba sai an kama ka a hanya ba: mota in tana da rajista, ko dai tana da inshora, ko kuma mai ita ya sanar da hukumar rajistar motoci ta DVLA a hukumance cewa ya janye ta daga hanya, sanarwar da suke kira SORN. Wanda ya bar ta haka nan tarar fam 100 ce ta farko. Wanda aka kama yana tuƙi ba inshora, fam 300 da maki shida a lasinsa, in ba a kai kotu ba ke nan. A kan kowane kuɗin inshora kuma akwai harajin gwamnati na kashi 12 cikin ɗari tun Yunin 2017.

Mai jin labari zai zaci inshorar gingimari sai mai hannu da shuni. Ga motar aiki haka ne. Ga motar sha'awa kuwa sau da yawa abin mamaki ne, domin akwai dillalan inshora da suka ƙware a kan tsofaffin motoci, kuma farashinsu kan zo ƙasa da abin da matashi ke biya wa ƙaramar motarsa. Ba alheri suke yi ba, lissafi ne. Tambayoyinsu su ne: mil nawa za ta yi a shekara? Ina take kwana, a rufe ko a waje? Wa zai tuƙa, shekarunsa nawa, wane lasi gare shi? Yana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum? Yana cikin ƙungiya? Za ta ɗauki kaya ko ta ja tirela? Sai a yi yarjejeniya a kan darajar motar tun farko, da hotuna, don kada ranar asara a tsaya ciniki. Wanda ya yi alkawarin mil kaɗan ya biya kaɗan. Wanda ya ce bana ba za ta fita ba sam, akwai wata inshorar mai rahusa ta gobara da sata kawai. Kuɗin janwe kuma daban ne, kuma masu wannan harka sun san cewa jan mota mai tan goma daga babbar hanya ba kamar jan ƙaramar mota ba ne.

To ga inda zaren biyu suka haɗu, kuma shi ne dalilin wannan nazari. Abin da ke sa kamfanin inshora ya rage wa mutum kuɗi, wato ƙarancin tafiya da yawan ajiya, shi ne ainihin abin da ke sa taya ta tsufa da zanenta. Kamfani na saka wa mota don ta zauna, taya kuwa na ramawa a kan zaman. A ce mutum ya yi alkawarin mil 1,500 a shekara. Cikin shekara goma mil 15,000 ke nan, tafiyar da motar kamfani ke yi cikin 'yan watanni. Tayar babbar mota da ba a ɗora mata kaya ba ko gezau ba za ta yi da wannan ba. Doka zurfin milimita 1 kawai take nema a zanen tayar babbar mota, tasa kuwa tana da ninkinsa sau da yawa. Kowace taya kuɗinta ɗaruruwan fam ne, motar na da shida ko fiye, ga safaya. Sauya su gaba ɗaya na iya lashe kuɗin inshorar shekaru. Mutumin da ke biyan inshora ba tare da ya ji a jikinsa ba, shi ne zai tsaya gaban tayar da ke ƙyalli ya ce, wannan ai ko rabi ba ta ci ba, a kan me zan zubar?

Ban ga laifin mai wannan tunani ba ta fuskar ɗabi'ar ɗan Adam. Ta fuskar lissafi kuwa ya yi kuskure, domin ya auna kasadar da darajar motarsa. Kamfanin inshora ba ya tsoron darajar tsohuwar Bedford. Abin da yake tsoro shi ne abin da za ta taka. A dokar Birtaniya diyyar rai da rauni ga wanda aka buge ba ta da iyaka, ta dukiya kuwa mafi ƙarancin abin da inshora za ta ɗauka fam miliyan 1.2 ne. Masu harkar ba su manta da Great Heck ba, wani ƙauye a arewacin Ingila, inda a Fabrairun 2001 wata Land Rover ta sauka daga babbar hanya ta faɗa kan layin dogo, jiragen ƙasa biyu suka yi karo, mutum 10 suka mutu, kamfanin inshorar motar ya biya fiye da fam miliyan 20. Mota ɗaya ce, ta mutum ɗaya.

In tayar ta fashe, wa zai biya

Wannan ita ce tambayar da masu motocin ke yawan yi wa juna: tunda doka ta ɗauke mini, inshora za ta biya in tsohuwar taya ta jawo hatsari? Amsar kashi biyu ce.

Game da wanda aka buge, sashe na 148 na dokar 1988 ya hana kamfanin inshora fakewa da halin da motar ke ciki don ƙin biyan diyya. Ko tayar ta ruɓe, mai rauni zai sami haƙƙinsa. Sai dai sashen bai tsaya nan ba, ya ba kamfanin damar ya juyo kan mai motar ya nemi abin da ya biya, in har sharaɗin da ke cikin takardar inshorar ne aka karya. Kuma da wuya ka ga takardar inshorar mota da ba ta ƙunshi sharaɗin cewa mai ita zai kula da ita ta kasance lafiyayya don hawa hanya ba.

Game da motar kanta kuwa, wadda aka kashe wa shekaru da dukiya, babu wannan kariya. In mai binciken kamfani ya zo ya ɗauki ɓarɓashin taya ya karanta lamba uku, ya ga tsagu a gefen 'yar'uwarta da ta rage, kamfanin na da abin riƙewa. Dokar inshora ta 2015 ta taimaki masu inshora ta wani gefe, don ta hana kamfani kafa hujja da karya sharaɗin da ba shi da alaƙa da asarar da aka yi. Amma a hatsarin da fashewar taya ta haddasa, ba mai cewa halin tayar ba shi da alaƙa.

Togaciyar shekara 40 ta ɗauke laifi ɗaya ne tak, laifin shekaru. Sauran dokokin taya na nan: yanka mai zurfi, kumburi, wayar da ta fito, iskar da ba daidai ba. Laifin fita da mota cikin yanayin da ke da hatsari ga jama'a shi ma yana nan. Akwai kuma wani ɗan tarko da ke kama masu kirki. Wani ya roƙe ka ka kawo motar wurin biki ko ɗaukar fim, ya ba ka wani abu ya ce na mai ne amma ya fi kuɗin mai. Ranar nan an shiga gonar kasuwanci. Togaciyar taya na iya faɗuwa, inshorar sha'awa kuma ba ta rufe haya. Tafiya ɗaya ta kwance duka biyun.

Yadda masu lura ke yi

Waɗanda suka daɗe a harkar ba su jira doka ba. Ka ga dattijo ya shigo rumfa a farkon bazara da tocila, kafin ya taɓa makulli sai ya kwanta a kan kwali ya haska gefen taya na ciki, wanda ba a gani daga waje, domin wani lokacin can lambar take, can kuma tsagu ke fara fitowa. Ya bi tsakanin zanen da ɗan ƙarfe yana cire duwatsu. Ya shafa tafin hannu a bangon tayar yana neman tudu. Ya auna iska tayar na sanyi. Da sanyi ya shigo, wasu kan ɗora motar a kan jak ko katako don a sauke wa tayoyi nauyi, su rufe su daga rana, wasu kuma su riƙa gusar da ita ɗan taƙi duk bayan 'yan makonni. Mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi biyu sababbi ya sa a gaba, ya mai da na gaban baya, haka nan bi da bi. Ga mai rim mai zobe kuwa, hura iska kanta hatsari ce, zoben in ya ƙwace yana kisa, shi ya sa ake hurawa a cikin keji.

Da za a tambaye ni, togaciyar da aka yi da shekarun mota kuskuren ma'auni ce. Da an ɗaura ta a kan gudu da irin hanya, a ce motar da ba ta wuce wani taƙi ba kuma ba ta hawa manyan hanyoyi ita aka ɗauke wa, da hujjar ta fi zama. Motar yaƙin duniya da ke rarrafe a hanyar ƙauye daban take da Volvo F88 ta shekarun 1970, wadda ke iya jerawa da motocin zamani a kan M5. Kamfanonin inshora ma suna da abin yi da bai buƙaci majalisa ba. Suna neman hoton mota ta kowane gefe don tantance darajarta, ƙarin hoto biyu na lambar tayoyin gaba ba zai gagari kowa ba.

Wani abin da ke min tsaye a rai shi ne makomar tayoyin da aka cire. Zanensu na nan, ga ido lafiyarsu ƙalau. Najeriya ta sa tsofaffin tayoyi cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, amma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya san abin da ake kira ta Beljiyam, kuma ya san da babban yatsa ake gwada ta, a danna zane a ce tana da nama. Lambobin huɗu na nan a gefenta kamar yadda suke a Surrey.

Ita togaciyar kuwa tafiya take da shekaru, kowace shekara wani rukuni na tsallakawa. Motar da aka yi wa rajista a 1985 ta cika 40 a 2025. Mai ita, in mai bin doka ne, ya sayi tayoyin gaba sababbi wajen farkon 2021 don kada ya faɗi gwaji. Waɗannan tayoyi za su cika shekara 10 wajen 2031, zanensu kusan yadda ya zo daga shago, kuma a ranar ba jami'in da doka ta ɗora wa ya ƙirga musu shekaru.